Fate/stay night: Me Ya Sa Labari Ɗaya Ya Rabu Gida Uku?

Ƙanena ya shigo ɗakina da waya a hannu, fuska a yamutse. Ya kai memori wurin mai tura finafinai a bakin kasuwa ya ce a zuba masa Fate, mutumin kuwa ya kwashe duk abin da ke ɗauke da wannan suna a kwamfutarsa ya juye masa wuri guda. Ya kalli na farko har ƙarshe. Da ya buɗe na biyu yana zaton ci gaba ne, sai ya ga an mayar da shi daren farko: yaron nan dai, makarantar nan dai, mai mashin nan ya sake soke shi a ƙirji.

"Yaya," in ji shi, "ko dai mutumin nan cutata ya yi? A wancan an kashe Shinji, a nan ga shi yana yawonsa. Ƙaramar yarinyar nan mai farin gashi kuma a can ta rayu har ƙarshe, a nan an zare mata zuciya. To wanne ne na gaskiya?"

Na ce masa duka na gaskiya ne, kuma mai turawar bai cuce shi ba. Ruɗanin da ya shiga, kusan duk wanda ya faɗa wa wannan anime, wato katun na Japan, ba jagora sai ya shige shi, domin tushensa wasan kwamfuta ne mai rassa, kuma ba a fahimtar rassan sai an san yadda aka dasa itacen. Tun yanzu ina gargaɗi: zan fasa ƙwai a kan manyan sirrin labarin, don babu yadda za a yi bayanin nan a kauce musu.

Ranar 30 ga Janairu, 2004, wani ƙaramin kamfani na Japan mai suna Type-Moon ya fitar da Fate/stay night don kwamfuta. Kinoko Nasu ne ya rubuta, Takashi Takeuchi ya yi zane. Kafin nan su 'yan sa-kai ne da ke sayar da aikinsu a Comiket, babbar kasuwar masu zane da rubutu da ake ci a Tokiyo, inda wasansu Tsukihime ya yi suna tun 2000. Kada wanda ya ji an ce gem ya kawo a ransa irin na ƙwallo ko na dambe da ake danne-danne da hannu biyu. Wannan karatu ne zalla. Hoton wuri a baya, hoton mai magana a gaba, rubutu ya rufe allo, kiɗa na tashi a hankali, kai kuma kana dannawa shafi bayan shafi. Can sai rubutun ya tsaya, a ba ka zaɓi biyu ko uku: ka fita ko ka zauna gida, ka gudu ko ka tsaya, ka faɗi gaskiya ko ka yi shiru. Abin da ka zaɓa shi ke karkata akalar labarin. Fitowar farko ta manya ce, akwai wuraren da ba su dace da yara ba, amma a 2007 aka sake fitar da shi a PlayStation 2 da sunan Réalta Nua, aka cire waɗancan wurare aka sa muryoyi.

Labarin yana faruwa ne a wani ƙagaggen birni, Fuyuki. Gidaje uku na masu sihiri, Einzbern da Tohsaka da Matou, suka haɗa kai kimanin shekara 200 da suka wuce suka kafa wata gasa ta neman Kofi Mai Tsarki, wanda aka ce yana cika wa mai shi kowane buri. Sunan aro ne daga tatsuniyoyin Turai, kuma labarin da kansa ya nuna cewa na Fuyuki ƙirar masu sihiri ne. Ana zaɓen mutum bakwai su zama iyayen gida, kowanne ya kira ruhin wani jarumi na tarihi ko na tatsuniya ya zama baransa. Barorin aji bakwai ne: Saber mai takobi, Archer maharbi, Lancer mai mashi, Rider mahayi, Caster matsafi, Assassin mai kisan mummuƙe, da Berserker wanda aka cire wa hankali aka ƙara wa ƙarfi. Kowane ubangida yana da hatimin umarni uku a jikinsa, kowanne na tilasta wa baran yin abu ɗaya ko yana so ko ba ya so. Barorin suna ɓoye sunayensu na asali, saboda wanda ya san labarinka ya san lagonka. Mai mashin Cú Chulainn ne na Ailan, wanda mashinsa zuciya kawai yake nema. Berserker kuwa Heracles ne na Girka, sai an kashe shi sau goma sha biyu kafin ya faɗi. Saber ita ce Sarki Arthur na Birtaniya, wanda a nan aka mayar da shi mace da ta ɓoye jinsinta ta hau mulki. Akan yi yaƙin duk bayan shekara 60, amma na biyar, wanda labarin ke kai, ya zo ne shekara 10 kacal bayan na huɗu.

Waɗannan duka ado ne. Ƙashin bayan labarin wani ɗan sakandare ne, Shirou Emiya. Yaƙi na huɗu ya ƙare da gobarar da ta cinye unguwa guda, shi kuma yana ƙaramin yaro ya ratsa ta cikin wutar, yana jin ihun masu neman taimako, ya toshe kunne ya ci gaba da tafiya har ya faɗi. Wani mutum, Kiritsugu Emiya, ya tono shi daga ɓaraguzai yana kuka don murnar ya sami mai rai ko da guda. Ya riƙe shi ɗa. Shekara biyar bayan haka, suna zaune a barandar gida a farin wata, Kiritsugu ya gaya masa cewa da yana yaro burinsa ya zama gwarzon adalci mai ceton kowa, amma ya kasa. Yaron ya ce shi zai cika masa. A daren mutumin ya rasu. Tun daga nan Shirou ya zama wanda ba ya iya cewa a'a. Shi ke gyaran na'urar ɗumama ɗaki a makaranta kyauta. Daren da aka soke shi ma, abin da ya tsayar da shi a makaranta har duhu shi ne sharar ɗakin 'yan harbin baka da abokin karatunsa Shinji Matou ya ɗora masa.

Tambayar da Nasu ya gina wasan a kai ita ce: yaron da ya ɗauki ran kowa da daraja ban da nasa, ina wannan buri zai kai shi? Ya ba da amsa uku, kowacce hanya ce mai zaman kanta, duk suna farawa daga dare ɗaya su ƙare cikin kimanin mako biyu. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san yadda kaka a Katsina da kaka a Zariya kan ba da labarin Gizo guda, ƙarshensa ya bambanta, ba wanda ya ce wata ta yi ƙarya. Bambancin a nan shi ne mutum ɗaya ne ya rubuta ukun da gangan, kuma ya kulle ƙofofi: ba ka shiga ta biyu sai ka gama ta farko, ba ka shiga ta uku sai ka gama ta biyu.

Hanya ta farko sunanta Fate, kuma ta Saber ce, baranyar da Shirou ya kira a daren da aka soke shi. Burin Saber ta sami Kofin ta goge mulkinta daga tarihi, a zaɓi wani sarkin da ya fi ta, saboda ƙasarta ta rushe a hannunta. Kusa da ƙarshe, a ɗakin ƙarƙashin coci, limamin cocin Kirei Kotomine ya nuna wa Shirou sauran marayun gobarar da ya tsare shekara goma tsakanin rai da mutuwa, ya kuma yi masa tayin Kofin don ya mayar da hannun agogo baya, gobarar ta zama ba ta taɓa faruwa ba. Shirou ya ƙi, yana hawaye. A ganinsa share abin da ya faru cin amanar waɗanda suka mutu ne da waɗanda suka yi kukansu suka ci gaba da rayuwa. Saber na tsaye tana ji, kuma amsar tasa ce ta warware nata ƙullin. A wannan hanya burin Shirou bai girgiza ba ko kaɗan.

Hanya ta biyu, Unlimited Blade Works, ita ce ta Rin Tohsaka, wata mai sihiri 'yar makarantar su Shirou, kuma a nan aka kai burin gaban alƙali. Baran Rin, wato Archer, ashe Shirou ne da kansa daga wani zamani mai zuwa. Ya bi burin har ƙarshe, ya ceci mutane, aka saka masa da kisa, bayan mutuwa kuma ya zama mai gadin duniya da ake aikawa ya kashe kaɗan don masu yawa su tsira, ba iyaka ba hutu. Ya dawo ne ya kashe ƙuruciyarsa. Hujjarsa mai ƙarfi ce: burin nan kayan aro ne, yaron ya ga farin cikin da ke fuskar Kiritsugu ne ya yi sha'awa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Shirou ya yarda aro ne, ya ga inda hanyar ke kaiwa da idonsa, duk da haka ya ce fatan kowa ya tsira abu ne mai kyau ko daga wa aka aro shi.

Hanya ta uku, Heaven's Feel, ita ce ta Sakura Matou, yarinyar da a hanyoyi biyun farko aikinta kawai ta zo da sassafe ta taya girki ta koma gida. Zan dawo kanta, domin a nan ne abin ya fi nauyi.

To yanzu a ɗauki wannan gini a ce za a mayar da shi shirin talabijin. Abu na farko da ke zubewa shi ne mutuwa. Wasan yana da munanan ƙarshe kimanin 40. Ka yi zaɓin ganganci, a kashe Shirou nan take, wani lokaci ta hanya mai tayar da hankali, sai a kai ka wani ɗan fage mai suna Tiger Dojo inda malamarsa Taiga da Illya, ƙaramar yarinyar nan mai farin gashi, ke gaya maka inda ka kuskure, ka koma ka sake. Wanda ya mutu sau goma a hannun barori ya san a jikinsa cewa ɗan'adam ba abokin karawarsu ba ne, ya san kowace fita da dare kasada ce. Mai kallo kuwa Shirou ɗaya yake gani, wanda kullum yana tsallake rijiya da baya, sai ya ɗauka gatan jarumin fim ne kawai.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. In ban da gabatarwa da 'yan wurare kaɗan, wasan gaba ɗaya daga cikin kan Shirou ake ba da shi. Kana karanta tunaninsa. Kana ganin yadda yana tsakiyar jin daɗi gobarar ke faɗo masa a rai, ya ji kamar bai cancanci dariya ba tunda ya bar wasu a wuta. Idan ya yi tsalle ya tare wa Saber saran Berserker, alhali ita ce mai sulke da takobi, mai karatu ya san ciwo ne ke tura shi. Cire wannan murya, me ya rage? Yaro mai taurin kai da ke hana jaruma yaƙi yana jefa kansa cikin halaka ba dalili. Na sha jin masu kallo suna kiransa wawa, kuma ba na ganin laifinsu, abin da aka nuna musu ke nan. Amma raina yana ɓaci, saboda a rubuce yana cikin mutanen da aka fi zurfafa ginin raunin zuciyarsu a irin waɗannan labarai.

Kamfanin Studio Deen ne ya fara gwadawa a 2006, da kashi 24, Yuji Yamaguchi na ba da umarni. Suka ɗauki hanyar Saber suka yi mata ƙari da guntayen sauran biyun. Suka jawo rikicin Caster daga hanya ta biyu, suka sa ta sace Sakura, suka tona cewa Sakura ƙanwar Rin ce, sirrin da wasan ya adana har hanya ta uku. Suka bar Archer ya buɗe duniyarsa ta takubba a gaban Berserker ba tare da cikakken bayanin ko shi wane ne ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Guntayen sun fasa sirri ba su biya bashinsa ba, lokacin da suka ci kuma daga rabon Saber aka yanke shi. Duk da haka ba na cikin masu cewa a jefar da shi. Kiɗan Kenji Kawai yana da kyau ƙwarai, rabuwar ƙarshe da wayewar gari tana taɓa zuciya, kuma a nan aka fara jin Ayako Kawasumi a matsayin Saber da Noriaki Sugiyama a matsayin Shirou, muryoyin da suka zauna daram har yau. A 2010 kamfanin ya sake cusa hanya ta biyu gaba ɗaya cikin fim guda da bai kai awa biyu ba. Wanda bai san labarin ba, faɗa kawai zai gani yana bin faɗa.

Sai ufotable, kamfanin da daga baya duniya ta san shi da Demon Slayer, ya shigo. Sun fara da Fate/Zero a 2011 zuwa 2012, sannan daga Oktoba 2014 zuwa Yuni 2015 suka yi Unlimited Blade Works a zango biyu, kashi 26, Takahiro Miura na darakta. Shawarar da ta cece su ita ce sun riƙe hanya ɗaya ba su waiwayi sauran ba. Sun buɗe da kashi na sifili daga idon Rin, kamar yadda wasan ya yi, har mai kallo ya fara ganin Shirou daga waje a matsayin baƙon yaro kafin a shiga gidansa. Maimakon su cika kunne da tunaninsa, sai suka riƙa jefo hoton gobarar a tsakiyar zance na daƙiƙa biyu, suka bar Rin ta zama bakin mai kallo, ita ce ke lura cewa yaron nan ba ya sa kansa cikin lissafi, har ta fito fili ta gaya masa akwai abin da ya karkace a cikinsa. A faɗansa da Archer a fādar Einzbern suka mayar da muhawarar hoto: ga wutar, ga ƙaramin yaro na tafiya cikinta, ga babban yana kallo. Kashin ƙarshe kuma ya kai su Landan bayan shekara biyu, ƙarin da ya ba labarin wurin sauke numfashi. Bai maye gurbin rubutun duka ba, har yanzu akwai wuraren da Shirou ke yin shiru alhali a wasan kansa na tafasa. Amma an yi abin da hoto zai iya.

Yanzu mu koma kan Sakura. An yi hanyarta a finafinai uku na sinima, a 2017 da 2019 da 2020, Tomonori Sudo na darakta, Yuki Kajiura na kiɗa. Na ukun annobar korona ta ɗage shi daga Maris zuwa Agusta. Ƙarfin wannan hanya a wasan ya dogara ne da sabo. Ka riga ka yi sa'o'i masu yawa kana ganin yarinyar nan a kicin, tana yanka albasa, tana zuba shinkafa, tana murmushi ƙasa-ƙasa, ka gama hanyoyi biyu kana murna an ceci gari. Sai a hanya ta uku a buɗe maka cewa shekara 11 ke nan tun da aka ba da ita ga gidan Matou, tsohon gidan, Zouken, yana jefa ta ramin tsutsotsin sihiri, yayanta na riƙo Shinji yana cin zarafinta. Duk lokacin da ka ga ta yi sallama ta tafi gida da dare a hanyoyin baya, can take komawa. Kai da Shirou ba wanda ya lura. Gwarzon da ke son ceton duniya bai ga wadda ke wahala a kicin ɗinsa ba.

Fim ba shi da waɗancan sa'o'i, kuma dabarar da Sudo ya yi ta burge ni. Ya taƙaita kiran Saber da faɗan daren farko cikin 'yan hotuna a lokacin rubutun buɗewa, tunda an riga an gani sau biyu, ya ba da mintunan farko ga abin da ya faru tun kafin yaƙin. Shirou ya ji rauni, wata yarinya mai idanu kamar na matacce ta zo ƙofarsa ta ce za ta taimaka. Ba ta iya komai ba. Shi ya koya mata riƙon wuƙa da naɗe kayan wanki. Yanayi na sauyawa, fuskarta na ɗan buɗewa. Ranar da ya miƙa mata makullin gidan, ta riƙe shi da hannu biyu kamar an ba ta zinariya. Ba a yi dogon jawabi ba, amma daga nan duk abin da zai faru yana da inda zai tsaya.

Abin da ya faru kuwa shi ne wata inuwa ta fara cin mutanen gari da dare, kuma sannu a hankali ya bayyana tana da alaƙa da Sakura, ba da saninta ba. Gaba kura baya sayaki. Ƙa'idar Kiritsugu a fili take: a kashe ɗaya, a ceci ɗari. A wasan, bayan an kai ta coci an gano abin da ke jikinta, Shirou yana zaune a wani filin wasan yara da Illya, sai rubutu ya tsaya, zaɓi biyu suka fito. Ko ka tsaya a kan zama gwarzon adalci, ko ka zama na Sakura. In ka ɗauki na farko, wasan ba ya kashe ka. Yana nuna maka Shirou ya mayar da zuciyarsa ƙarfe, ya bari a kashe ta, ya zama Kiritsugu na biyu, sannan ya rufe labarin a nan. Burin da ka yi hanyoyi biyu kana karewa, yanzu shi ne mummunan ƙarshe. Don ka ci gaba, dole kai da yatsanka ka danna barinsa. Fim na biyu ya yi wurin da kyau, da ruwan sama da rungumar da ta biyo baya, kuma na ga wanda ya share hawaye a wurin. Amma kallon mutum yana yanke shawara daban, a ce kai ne ka yanke daban.

Haka kuma kusa da ƙarshe. Inuwar ta haɗiye Saber ta dawo da ita baƙa, tana yaƙi a ɓangaren duhu. Bayan Rider, baranyar Sakura, ta kayar da ita, Shirou ya hau kanta da wuƙa a hannu. Wasan ya sake tsayawa: ka soka mata wuƙar, ko ka yi ƙoƙarin cetonta. Wannan ita ce Saber da ka soma labarin da ita, wadda ka ciyar, wadda ka raka har rabuwar asuba. In ka tausaya, ka hallaka. Na daɗe ina kallon allon nan kafin na danna. A fim na uku faɗan Rider da Saber yana cikin mafi kyawun abin da ufotable suka taɓa zanawa, sukar kuma daƙiƙu kaɗan ce, ta wuce ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Wanda kuma bai taɓa ganin hanya ta farko da kyau ba, bai san girman abin da aka kashe ba. Finafinan sun kuma rage rabon Illya da Kirei sosai, alhali a wasan su biyun ne ke riƙe rabin ma'anar wannan hanya, musamman Kirei, mutumin da aka halitta ba ya jin daɗi sai a wahalar wasu kuma ya san hakan mugunta ne. Ina gargaɗin iyaye da yayye: waɗannan finafinai uku ba na yara ba ne.

Saura batun Fate/Zero, wanda shi ne ke raba kan masoya. Shi ba daga wasa aka ɗauko shi ba. Littafi ne mai juzu'i huɗu da Gen Urobuchi ya rubuta a 2006 zuwa 2007, yana ba da labarin yaƙi na huɗu, na Kiritsugu. Da yake a lissafin shekaru shi ne farko, kuma manya ne ke yaƙin, da yawa suna cewa a fara da shi. Ni ban yarda ba. An rubuta shi ne don wanda ya riga ya gama wasan. Kashin farko kaɗai ya gaya maka Sakura ƙanwar Rin ce, ya nuna maka ramin tsutsotsin, ya gaya maka Illya 'yar Kiritsugu ce. Kafin ya ƙare ka san Gilgamesh, sarkin Uruk, ɗaya daga barorin yaƙi na huɗu, yana nan da rai, ka san Kofin gurɓatacce ne, duk burin da aka roƙa ta hanyar halaka yake cika shi. Waɗannan su ne abubuwan da hanyoyi ukun ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wurin da Kofin ya jarraba Kiritsugu da jiragen ruwa biyu masu yoyo, ɗaya da mutum 300 ɗaya da 200, ya nuna masa cewa in ya ci gaba da zaɓen masu yawa, a ƙarshe waɗanda ya kashe za su fi waɗanda ya ceta. Wanda ya riga ya ga Shirou a filin wasan yaran nan, wannan wuri zai dake shi sau biyu.

Sauran masu ɗauke da sunan, irin su Fate/Apocrypha na 2017 da Babylonia na 2019, duniyoyi ne na gefe. Babylonia ma babi na bakwai ne na wasan waya Fate/Grand Order da ya fito a 2015, aka ɗauko shi daga tsakiya, don haka baƙo zai tarar da mutane sun riga sun san juna. A ajiye su sai daga baya.

Abin da na tsara wa ƙanena ke nan. Tunda ya riga ya ga na 2006, ya ƙarasa Unlimited Blade Works na ufotable, ya bi da finafinan Heaven's Feel uku, sannan Fate/Zero. Fim ɗin 2010 na ce ya goge ya sami wuri a memori. Wanda bai fara komai ba kuma yana jin Turanci, a Agusta 2024 an fitar da wasan da fassarar Turanci ta hukuma a karon farko, a kasuwar wasannin kwamfuta ta Steam da na'urar wasa Nintendo Switch, shekara 20 bayan fitowarsa, kuma bisa sigar da aka tsabtace. Ko hanyar farko kaɗai mutum ya karanta kafin ya koma kallo, ya toshe babban giɓin da ke akwai, domin ufotable sun yi hanya ta biyu da ta uku amma ba su yi ta Saber ba, ita da hotonta ke kan kusan kowane kwali.

Bayan kwana huɗu ya dawo ya same ni ina cin abinci. Ya gama fim na biyu. Ya zauna bakin katifa bai ce komai ba na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, wato duk lokacin da take cewa sai da safe a wancan na farkon, gidan tsohon nan take komawa?" Na ce masa e. Ya karɓi cajata ya jona wayarsa, ya buɗe na uku.